Bashin Da Ke Kan Masu Bincike

Akwai wani irin baƙo da mutanen ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo suka daɗe da sabawa da shi. Shi ba falke ba ne, ba kuwa malamin haraji ba. Yakan zo da rani a cikin mota, da 'yan rakiya biyu ko uku, da takardar izini daga birni. Sai ya fara sauka a ƙofar uban ƙasa ya yi gaisuwa, a haɗa shi da ɗan jagora, ya zarce makarantar yara. Can wajen hantsi ya raba wa yara 'yan kwalabe, ya ce ko wane ya kawo masa fitsarinsa. Wata rana jini ya ke ɗiba a yatsa. Wata rana kuwa zama ya ke yi a gindin itace tare da tsofaffi, yana tambayarsu da me a ke maganin shawara, da wane ganye a ke yi wa mai jego wanka, yana rubutawa. Kafin la'asar ya naɗe kayansa, ya yi godiya, ya ce za a ji daga gare shi. Sunan wannan baƙo mai bincike.

Abin da ya ɗiba ba ya ɓacewa. Fitsarin nan a kan kai shi ɗakin gwaji, a duba da madubin likita, a ƙirga ƙwayayen cutar da ke ciki. Maganar tsofaffin nan a kan juya ta da Turanci. Daga nan a rubuta kundi a ba shi digiri, ko kuwa a buga a wata mujalla wadda malaman jami'a kaɗai ke karantawa, a ƙara masa girma da albashi. Wannan duka halal ne, gama wanda ya yi aiki ya cancanci lada. Amma uban yaron da ya ba da fitsari fa? Sau da yawa ba ya sake jin ɗuriyar baƙon nan har abada. Bai san abin da aka gani a jikin ɗansa ba, bai san ko ƙauyensu ya fi na maƙwabta ciwo ba, bai san abin da ya kamata ya yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, wannan bashi ne. Duk wanda ya ɗebi jinin mutane, ko maganarsu, ko saninsu, domin ya rubuta littafi, ya ci bashi a wurinsu, kuma bai biya ba sai ran da ya komo ya gaya musu abin da ya gano, da harshen da su ke ji. Godiyar da ya rubuta da Turanci a shafin farko na kundinsa ba ta biya kome ba, tun da waɗanda aka gode wa ba za su taɓa ganinta ba.

Wanda ya san tarihin Wurno shi zai fi jin ciwon wannan al'amari, domin garin ba baƙon ilmi ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina shi ribaɗi wajen shekarar 1830, a nan ya rasu cikin 1837, a nan kuma kabarinsa ya ke. Bello, ban da sarauta da yaƙi, mai binciken magani ne. Ya rubuta littafi a kan ciwon ido, ya rubuta wani a kan basur, ya rubuta wani a kan amfanin filasko. Yakan duba abin da likitocin Larabawa na dā suka faɗa, ya tsamo abin da zai yi wa jama'arsa amfani. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da Bello ya nema daga Ingila shi ne a aiko masa da likita. Watau ko kusa ba ya gudun sanin da ya fito daga wata ƙasa. Abin da ya dame shi kawai shi ne sanin ya isa ga marar lafiya.

Gaskiya ne Bello da Larabci ya yi rubutunsa, talaka kuwa ba Larabci ya ke ji ba. Amma a zamanin nan ko wane gari akwai malamin da zai karanta ya fassara a zaure. Ga kuma 'yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta yi ta tsara ilmi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci. Ta naɗa shugabannin mata waɗanda a ke kira jajis, ta ba ko wace malfa, su zo daga ƙauyuka su koya a wurinta, su koma su koyar da 'yan'uwansu. Su ne 'Yan Taru. Ashe tun fiye da shekara 150 da suka wuce mutanen wannan ƙasa sun gane ilmin da ya tsaya a hannun wanda ya same shi bai gama tafiyarsa ba. Ba su da mota, ba su da injin ɗab'i, ba su da rediyo, amma sun kai shi har cikin ɗakin tsohuwa. Wanda ya ke da waɗannan abubuwa duka a yau, da me zai kāre kansa?

Baƙi masu tambaya kuma ba yau suka fara zuwa ba. Clapperton ya tafi da taswirar ƙasa da wani yanki na littafin Bello mai suna Infaƙul Maisuri, aka buga fassararsa a Landan cikin 1826. Wani Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Wurno cikin 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna makonni yana tambaya yana rubutawa, ya koma ya buga littafi juzu'i biyar. Bayan zuwan Turawa wani likita, Dalziel, ya bi ƙasar Hausa yana tattara sunayen itatuwa da tsirrai, ya buga su cikin 1916, kana cikin 1937 ya fitar da babban littafi a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Littattafan nan masu daraja ne, har gobe ana amfani da su. Amma Dalziel ba da sunayen sabara da marke da kalgo aka haife shi ba. Wasu ne suka kai shi daji suka nuna masa, masu saiwa da wanzamai da makiyaya da unguwarzoma. Sunansa yana bisa bangon littafi, su kuwa babu mai tunawa da su.

A ɗauki ciwo guda ɗaya domin maganar ta fito fili. Ƙasar nan ƙasar fadama ce. Da shinkafa da albasa da tafarnuwa a ka san Wurno da Goronyo, waɗannan kuwa duk da ruwa a ke nomansu. An gama gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima cikin 1984, aka buɗe ta cikin 1992, ga kuma magudanan noman rani na Wurno. Ruwan nan arziki ne, amma inda ruwa ya ke kwance ko ya ke tafiya sannu, nan wata 'yar katantanwa ke son zama, ita ce kuwa masaukin cutar tsargiya.

Ga yadda abin ke faruwa. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen cutar su kan fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa. A can su yi makonni suna yaɗuwa, sa'an nan su fito cikin ruwa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga ruwan, ko wanka, ko wanki, ko su, ko dashen shinkafa, sai su huda fatarsa su shige. Su girma su zama tsutsotsi a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni, shi ya sa a kan ga jini a ƙarshen fitsari. In abin ya daɗe ya kan rage wa yaro jini da kuzari, ya kan taɓa ƙoda, ya kan jawo ciwon daji a mafitsara, mata kuma ya kan ɓata musu hanyar haihuwa. Akwai magani, ƙwaya ce mai suna Praziquantel, wadda a kan raba wa yara a makarantu gwargwadon tsawonsu. Tana kashe tsutsar, amma wanda ya koma ruwan nan sai ya sake kamuwa.

Wannan bayani ba sabo ba ne. Wani likita Bajamushe, Bilharz, ya ga tsutsar a Alƙahira cikin 1851. Wani kuma, Leiper, ya tabbatar da sha'anin katantanwa a Masar cikin 1915. An kuma yi binciken tsargiya a ƙasar Wurno ita kanta, an auna fitsarin jama'a, an buga sakamako da Turanci. Duk da haka a wurare da yawa na ƙasar Hausa har yanzu akwai masu ɗaukar jinin nan alamar yaro ya tasa, ba ciwo ba. Bayanin da aka yi a sama bai kai shafi guda ba, babu kuwa kalma ɗaya a ciki da manomi ba zai gane ba. In sani ya shekara fiye da 100 bai yi tafiyar da ke tsakanin ɗakin gwaji da zaure ba, kada a ce zauren ne ya yi nisa. Mai ɗauke da saƙon ne bai taso ba.

Ba a ce dukan masu bincike haka su ke ba. Akwai masu ba yaran da aka samu da cutar magani nan take, akwai masu komowa su zauna da jama'a, Allah ya saka musu. Amma magani na rana ɗaya ne, sani kuwa shi ke zama. Uban da ya gane sha'anin katantanwa zai tsare 'ya'yansa da jikokinsa. Wanda aka miƙa wa ƙwaya ba bayani, baɗi ma sai ya jira wata mota.

Rashin komowa ba shi kaɗai ne laifin ba. Akwai kuma yadda a ke rubuta mutane a takardun nan. Takardar tambaya ta kan zo da gurbin ilmi: firamare, sakandare, jami'a. Sai a zo kan dattijon da ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ishmawi da Risala, yana rubuta wasiƙa da ajami, a jefa shi cikin waɗanda ba su yi makaranta ba. Daga nan a ƙirga, a ce yawancin mutanen wurin ba su da ilmi, a ce rashin ilmin nan shi ya jawo ciwo. Wanda ya karanta wannan a Ikko ko a Landan zai zaci garin Bello garin duhun kai ne. Haka kuma a kan tara kowa a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali kuwa a gabashin Sakkwato akwai Gobirawa da Adarawa da Zamfarawa da Fulani da Bugaje, akwai masunci da makiyayi da mai lambu, ko wane da irin zamansa, ko wane da irin ciwon da sana'arsa ke jawo masa. Ma'aunin da ya kasa rarrabe waɗannan bai auna kome ba.

Ko kalmar lafiya ma ba a ɗauke ta yadda masu ita su ke nufi ba. Bahaushe in ya tambayi lafiya ba jiki kaɗai ya ke tambaya ba. Yana tambayar gida da iyali da bisashe da damina da kwanciyar hankalin gari. Mutanen Goronyo sun ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye gonaki ta rushe ƙauyuka. Sun ga ranar kasuwa cikin Oktoba 2021 da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40. Matar da ba ta kai ɗanta asibiti ba domin hanya ba ta biyuwa, in aka rubuta ta cikin masu ƙin asibiti sabo da al'ada, an zalunce ta sau biyu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Da an fara tambayar jama'a abin da ya fi damunsu kafin a tsara takarda, da tambayoyin sun sha bamban, shawarar da za ta fito ma ta sha bamban. Ba za a ƙara ce wa mai dashen shinkafa ya bar shiga ruwa ba, tun da a cikin ruwan abincinsa ya ke. Sai a zauna da shi a nemi wane tafki ne ya fi katantanwa, cikin wane wata, a ina ya kamata a haƙa rijiya domin mata da yara su bar wanki a magudana. Waɗannan shi ya fi kowa saninsu.

Masu kāre wannan hali suna da hujjoji, ya kamata a saurare su. Na farko su kan ce Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan magana ta riga ta faɗi. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun daɗe suna karɓar kundin digiri da Hausa. Aliyu Muhammad Bunza da Hausa ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan magungunan Hausa a Jami'ar Bayero cikin 1995. Waziri Junaidu da Hausa ya rubuta Tarihin Fulani. Murray Last, Baturen da ya zauna a gaban Waziri Junaidu ya yi nazarin takardun Sakkwato, ya buga littafinsa da Turanci cikin 1967, daga baya malaman jami'a suka juya shi da Hausa da sunan Daular Sakkwato, jikokin waɗanda a ke magana a kansu suka sami karantawa. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da lissafin gado da ilmin taurari ba zai gaza ɗaukar labarin katantanwa ba.

Na biyu su kan ce babu kuɗi, kuma jami'a ba ta ƙara wa malami girma sai da abin da ya buga da Turanci. Wannan gaskiya ce, amma ba ta wanke kowa ba, sai dai ta nuna inda sauran laifin ya ke. Jami'a ita ta kafa wannan ƙa'ida, ita kuwa ke da ikon gyara ta. Jami'ar Zariya da aka buɗe cikin 1962 sunan ɗan Rabah ta ke ɗauke da shi, Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya riƙe ƙasar Rabah tun 1934 kafin ya zama Firimiya. Jami'ar Sakkwato da aka kafa cikin 1975 sunan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ta ke ɗauke da shi, wanda ya yi ta yawon wa'azi da Hausa da Fulatanci domin talaka ya ji. Da dukiyar jama'a aka gina su. Wanda ya sami kuɗin mai na zuwa ɗibar fitsari, ya sa kuɗin mai na komowa a cikin lissafinsa tun farko. Takarda guda da Hausa, da boko da ajami, ba ta kai tsadar kwalaben da ya raba ba.

Na uku su kan ce ai an nemi izini, uban ƙasa ya yarda, kowa ya dangwala yatsa. Izinin uban ƙasa ladabi ne, wajibi ne kuma, amma jinin yaro ba na uban ƙasa ba ne. Dangwalen da mutum ya yi a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba, don kunyar baƙo ko don tsoron a ce ya ƙi maganar manya, sunansa dangwale, ba yarda ba. Ƙungiyar likitocin duniya ta tsara ƙa'idodin bincike a kan ɗan Adam a Helsinki cikin 1964, an yi ta gyara su, a ciki kuwa har da cewa a ba waɗanda aka yi bincike a kansu damar jin sakamako. Nijeriya ma ta fitar da nata ƙa'idodin cikin 2007. Ba sabuwar doka a ke nema ba. Cika alkawari a ke nema, alkawari kuwa kaya ne.

Wanda ya ke ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna da Kano. Cikin 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe dubban mutane. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon magani, rabi aka ba su wani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne a ke yi ba. Kamfanin ya ce an gaya musu da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a, sai cikin 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Cikin 2003 jita-jita ta tashi cewa an sa wani abu cikin maganin rigakafin shan inna, wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, Kano ba ta koma ba sai Yuli 2004. Jita-jitar nan ƙarya ce, maganin lafiyayye ne. Amma labarin 1996 yana cikin abin da ya sa ta sami masu saurare, gama wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Cutar ta sake bazuwa, ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Sai da sarakuna da malamai suka shiga aikin, Sarkin Musulmi na gaba, aka bi gida gida ana bayani da Hausa, kana aka ci ƙarfinta, har cikin Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Da ɗan gari a kan ci gari. Amana in ta zube, masu biyan diyyarta yara ne waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Kukan nan ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. A Amurka akwai wata ƙaramar ƙabila ta mutanen asalin ƙasar, Havasupai. Tun daga 1990 masu bincike na wata jami'a a Jihar Arizona suka ɗebi jininsu a kan za a binciki ciwon sukari. Daga baya suka ji an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da auren zumunci da asalin kakanninsu, abin da ba su yarda da shi ba. Suka kai ƙara. Cikin 2010 aka biya su dala 700,000, aka kuma mayar musu da jininsu. A Afirka ta Kudu mutanen San, waɗanda masu bincike suka daɗe suna yi wa sintiri, suka rubuta ƙa'idodinsu na kansu cikin 2017, duk mai son ya yi bincike a cikinsu sai ya bi. A Nijeriya ma an taɓa yin abin kirki. Cikin shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi wani haɗin maganin sikila daga wani mai maganin gargajiya, Rabaran Ogunyale, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Aka yi yarjejeniya da shi a rubuce, aka sa sunansa cikin masu maganin, wanda aka kira Niprisan. Ashe abin yana yiwuwa in an so.

Kada kuwa wani ya fahimci wannan magana a karkace, ya ce a rufe wa masu bincike ƙofa. Wannan wauta ce, jama'a kuma ita za ta cutu. Ba domin bincike ba da har yanzu ba a san katantanwa ce ke ɗauke da tsargiya ba, da agana ba ta ƙare a duniya ba. Ba kuma duk abin da aka gada ne daidai ba. Jinin fitsari ciwo ne, ko kakan wa ya ce balaga ce. Akwai saiwar da ke warkarwa, akwai wadda ba ta kome, akwai mai ɓata hanta da ƙoda, ba kuwa mai rarrabe su sai gwaji. Mai saiwa yana bukatar mai madubi, mai madubi yana bukatar mai saiwa. Abin da a ke ƙi shi ne ɗaya ya zama gona, ɗaya ya zama mai girbi.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Jami'a ta sa doka, kada a ba kowa digiri a kan binciken da ya yi a cikin jama'a sai ya kawo shaidar ya koma ya yi musu bayani, ya kuma haɗa taƙaitaccen sakamako da Hausa a cikin kundinsa. Uban ƙasa da hakimai su ajiye littafi a fada, duk mai binciken da ya zo a rubuta sunansa da inda ya fito da abin da ya ɗiba da ranar da ya yi alkawarin komowa. In wani ya sake zuwa daga wuri guda, a buɗe masa littafin ya gani. Tsohon da ya ba da saninsa a tambaye shi, in yana so a rubuta sunansa a rubuta, in sanin ya jawo riba a ba shi rabonsa. Mata kuma a aika musu mace ta yi musu bayani a cikin gida, yadda Nana Asma'u ta yi, gama su ke jinya, su ke wanki a bakin ruwa.

Saura wanda ya koyi karatu da girmansa. Shi yanzu yana da abin da ubansa bai samu ba a gaban irin wannan baƙo. In an miƙo takarda a ce ya dangwala, yana da ikon ya ce a ba shi ta Hausa ya karanta tukuna. Yana da ikon ya tambaya, cikin ladabi, me za a yi da jinin nan, ina za a kai shi, wa zai gani, yaushe za a komo da amsa. Yana da ikon ya ce a'a, ba kuwa wanda ya isa ya hana shi magani a asibiti don ya ƙi. Ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya ba. Mai bincike na gaskiya zai yi murna da waɗannan tambayoyi, domin shi ma da tambaya ya ke cin abinci. Wanda ya ɓata fuska kuwa ya riga ya ba da amsa.

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun karɓi baƙi masu tambaya tun zamanin Bello, sun shimfiɗa musu tabarma, sun ba su fura, sun amsa abin da aka tambaye su, ba su nemi ko anini ba. Sun yi nasu. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.